Kwamfutar Isufu a Buhun Jins

Duk wanda ya zauna Guwanju ta ƙasar Sin wajen titin Huanshi Lu ya san Isufu Tankari, ɗan Maraɗi ne, siriri, idan yana tafiya kafaɗarsa na rawa kamar akwai ganga a cikin kansa, kuma wallahi akwai. Aikinsa kago, yana haɗa wa 'yan kasuwa kayansu ya tura Kano da Yamai, amma abin da ya sa aka san shi shafin nan nasa ne na intanet, Gulbi Funk.

Babansa marigayi Maidaji shi ne mai jita a wata ƙungiya a Maraɗi tun zamanin wando mai faɗin ƙafa da suma kamar kwando, kiɗan funk suke yi, irin wanda idan jitar ta ce dum sai ka ji ƙugunka ya amsa tun ba ka ba shi izini ba. Da tsohon ya rasu kaset-kaset ya bari cikin akwatin ƙarfe, zafi ya fara cinye su, Isufu ya zauna ya juye su ɗaya bayan ɗaya cikin wata tsohuwar kwamfuta fara da ta koma ruwan ƙasa, kaset ɗin kuma suka ƙarasa mutuwa. Shi ke nan kiɗan Maidaji babu shi ko'ina a duniya sai cikin kwamfutar nan. A kanta ya buɗe shafin tun lokacin da mutane ba su san mene ne imel ba, idan aka kashe ta shafin ma ya rufe, da zai zo Sin ma a cinyarsa ya rungumo ta cikin jirgi kamar jinjira. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya ɗora waƙa ɗaya, mutane daga Kumasi, Jidda, Kano su shigo su yi ta musu a kan wa ya fi iya ganga.

To sai ga Olamfik ta zo, biza ta yi wuya, kowa na rige-rigen tura kayansa kafin a ce ya koma gida, shagon kago ya cika har rufi. Isufu kuma ya sayo talabijin don a ga bikin buɗewa, babu wurin ajiyewa sai kan kantar da kwamfutar take, sai ya cire mata waya ya sauke ta ƙasa, wai yanzu zai dawo, ya tafi kasuwar Guwanyuwan karɓo wasu riguna.

Shagon nan kuwa akwai doka ɗaya da kowa ya sani, ta Barmo ce, ƙaton Bahaushen Kumasi mai ɗaure kaya: abin da ya taɓa ƙasa kaya ne. An taɓa naɗe wa wani Alhaji takalminsa yana salla.

Isufu ya dawo ya ga talabijin na ta magana a kan kanta, ƙasa wayam.

"Barmo! Ina kwamfutata?"

"Wace, tsohuwar nan? Ai na yi mata gata ɗan Nijar, tsakiyar jins ɗin Hajiya Yalwa na sa ta, ko daga sama aka jefo ba abin da zai same ta."

"Mi ka ce? Babana ka sa cikin buhu?"

"Babanka kuma? Ni dai abu na gani a ƙasa. Da kai na tarar a zaune a ƙasan ma da yanzu kana hanyar Kwari."

Isufu bai tsaya ba, ya tare tasi sai Baiyun wajen filin jirgi, yana shiga sito ya ga korayen buhuna dubu an naɗe su da salatif duk kama ɗaya, ya kama lawban ɗin wurin, wato ogan siton, wani ɗan Sin mai sigari a kunne, yana kwatanta masa akwati da hannu. Mutumin ya duba ya ce meyo, meyo, babu ke nan, ya ɗaga yatsa ya nuna sama. Jirgi ya tashi.

Ranar bai kalli bikin kowa ba. Ana ta ihu a shago shi yana waje yana kiran Kano.

"Hajiya, don Allah idan buhunki ya iso kada yara su jefar da shi, akwai amana ciki."

"Isufu ni jins na saya, me ka cusa min? Kada ka haɗa ni da kwastan fa."

"Kiɗa ne Hajiya."

"Kiɗa? Innalillahi. A buhuna?"

Sai ya tuna da Abdulrasheed, wani mai kafe na intanet a Kano da ya fi kowa surutu a shafin, shekara da shekaru suna faɗa don shi ya nace mai gangar ƙungiyar ya fi Maidaji, amma ko muryar juna ba su taɓa ji ba. Isufu ya tura masa saƙo ya ce ka je Kantin Kwari wurin Hajiya Yalwa, rayuwata na cikin wando.

Juma'a ta zo ta wuce babu waƙa, abin da bai taɓa faruwa ba, Isufu ya rame, kafaɗar ma ta daina rawa, Barmo ya kawo masa shinkafa ya ƙi ci.

Wata Juma'ar shi da Barmo suna dawowa daga masallaci wayarsa ta yi ƙara, lambar Najeriya, ya ɗauka bai ji sallama ba sai ƙarar janareta, can sai dum, dum-dum, jitar Maidaji tana fitowa tun daga Kano! Abdulrasheed na ihu a baya: "Ta tashi malam! Aljihun wando ɗaya ne ya maƙale mata a fanka! Shiga shafin ka gani, kuma har yanzu mai gangar ya fi!"

Isufu ya ce ƙarya kake wallahi, yana dariya hawaye na zuba, ya sa wayar a sifika a tsakiyar titi, Barmo da girmansa ya fara juyi da jallabiya, wata tsohuwa 'yar Sin mai sayar da lemo ta tsaya tana gyaɗa kai.

Kwamfutar ba ta dawo Guwanju ba. Abdulrasheed ya ce ta gaji da yawo, ya ba ta teburi guda a kafe ɗinsa, Isufu na shiga ta intanet yana ɗora waƙar Juma'a daga nan Guwanju, idan an ɗauke wuta a Kano shafin ya ɗan yi barci kowa ya jira. Hajiya Yalwa ma takan aiko a sa mata wadda take so. A teburin nan kuwa Isufu ya sa an ɗaure kwamfutar da igiya, ya ce ko shara za a yi kada wanda ya kuskura ya sauke ta ƙasa.