Sista Ba Allura

Ƙofar shagona na ɗinki tana kallon ta Sista, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Ta daɗe tana aikin jinya a babban asibiti, har tsayuwa ta fara kumbura mata ƙafafu. Da ta ajiye aiki sai ta kama ɗaki biyu a layinmu, ta sa gado, benci da ƙaramin firij na magani. Ni na ɗinka mata labule.

Laifinta ɗaya: ba ta yin allura sai ciwo ya buƙata. Mutanenmu kuwa in ba a soke su ba, gani suke an raina ciwonsu.

"Baba, mura ce. Ka sha ruwa da yawa, ka kwanta."

"Ruwa? 'Yata, ce miki aka yi gidana babu randa?"

Daga nan sai wajen mai kemis na bakin titi, wanda bai taɓa zama ajin jinya ba, amma duk wanda ya juya masa baya sai ya soke shi. Aka sa mata suna Sista Ba Allura. Bencinta ya zama wurin barcin kyanwa. Masu zuwa sai waɗanda allurar mutumin ta yi wa ƙurji. Ta matse, ta wanke, su warke su koma masa. Wallahi abin yana ƙona min rai.

Wata safiya wata mata ta kawo jariri mai 'yar majina. Sista ta duba shi tsaf ta ce lafiyarsa ƙalau.

"To, bari in kai shi kemis," in ji matar, tana gyara goyo.

Sista ta kalli cinyar yaron, 'yar mitsitsiya. Ta san hannun da zai soke ta.

"Dawo, ƙanwata."

Ta zuƙi ruwan haɗa allura zalla ta yi masa. Yaron ya tsala ihu, uwar ta washe baki tana sa albarka.

Bayan sun tafi Sista ta shigo shagona ta zauna kan buhun ƙyallaye. Ban taɓa ganin ta haka ba.

"Yaya, yau na soki yaro mai lafiya," ta ce.

Na ci gaba da taka keken ɗinkina.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa Sista ta fara allura, masu jira har bakin shagona. Yanzu kowa yana yabon hannunta. Ita kuwa ta daina tambayar mutane inda yake musu ciwo.