Motar Mainasara Tana Matamaye

Duk wanda ya saba shiga mota a tashar Daura ya san Mainasara, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu, wanda ba ya tada mota sai ya zagaya ya taɓa kowace taya da ƙafa. Tun yana saurayi yake tuƙi, kuma duk a motocin mutane. Ya yi wa mai gidan burodi, ya yi wa ɗan kwangila, ya ja fasinja a hanyar Katsina da ta Kano har bayansa ya fara ciwo. Sai da ya aurar da 'ya'ya uku sannan ya mallaki tasa, wata Sharon ruwan toka, ta hannu ce amma injinta garau. Gonar da ya gada a wajen Mai'aduwa ita ya sayar ya saye ta.

Da yake ciwon bayan ya hana shi doguwar tafiya, sai ya koma bayar da motar haya. Masu biki, masu zuwa ta'aziyya, masu kai mara lafiya asibiti, su zo da direbansu su ɗauka, su dawo da ita da mai daidai inda suka same shi. Da wannan gidansa yake ci.

'Yarsa Zakiyya, ma'aikaciyar jinya a Katsina, ita ta matsa sai an yi wa motar cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa har da haya, ba 'yar takardar da direbobi ke yanka don nuna wa 'yan sanda ba. Ita ta biya daga albashinta. Mainasara ya yi murna har ya kasa ɓoyewa. A tasha akwai tsohuwar al'ada: kowane direba yana zuba wani abu a asusu, ranar da motar ɗaya ta yi hatsari a tara masa ya tashi. Mainasara ya daɗe yana zubawa bai taɓa ɗauka ba. Da inshora ta zo sai ya ga babu dalilin biya sau biyu, ya je ya ce wa Nagoggo, shugaban tasha, a cire shi.

"To, Mainasara ya zama ɗan kamfani," in ji Nagoggo, yana dariya. "Yanzu ko tsuntsu ya yi mata kashi sai an biya ka. Mu talakawa ka bar mu da asusunmu."

Aka yi dariya, har da Mainasara.

Bayan kaka Alhaji Kalilu, mai sayar da hatsi, ya zo neman motar. An yi masa rasuwa a Matamaye, cikin Nijar, zai kai iyali ta'aziyya, ɗansa Mahdi zai tuƙa. Suka zauna ciniki a ƙofar gida.

"Malam Mainasara, wannan kuɗi ai na zuwa Kano ne. Matamaye fa, nan bayan ɗaki."

"Alhaji, mai ya yi tsada, taya ta yi tsada."

"Mai ai ni zan zuba. In kuma hatsari kake tsoro, duk gari an san motarka tana da inshora. Ba ka da asara."

Da wannan maganar Mainasara ya rage masa kuɗin, Alhaji ya ɗauki motar a kan abin da ake biya zuwa Babban Mutum. Babu wanda a cikinsu ya ambaci iyaka, domin ba wanda ya ɗauke ta wani abu. Mutumin Daura in ya wuce Kongolam, bakin iyaka, bai ji ya bar gida ba. Hausar ɗaya ce, tuwon ɗaya ne, rabin danginsa suna can.

A hanyar dawowa, kafin su iso iyaka, wani amalanken shanu ya fito daga gona ya hau titi. Mahdi ya taka birki, bai ci ba. Sa ɗaya ya mutu nan take, mai amalanken ya karye a ƙafa, gaban motar ya shige ciki har injin. Cikin motar ba wanda ya ji mummunan rauni. Jandarmomin Nijar suka sa aka ja ta zuwa Matamaye.

Mainasara bai tada hankalinsa ba. Ya sa babbar riga ya tafi ofishin kamfanin a Katsina. Wani saurayi mai ladabi ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce:

"Baba, inshorarka ta cikin Najeriya ce. In mota za ta fita ƙasar waje, akwai wata da ake yanka daban kafin a tsallaka."

"Ƙasar waje? Yaro, Matamaye na ce maka, ba Makka ba."

"Matamaye Nijar ce, Baba."

"Uwata 'yar can ce. Nakan sha fura a kasuwarsu in dawo in yi la'asar a Daura. Yau ita ce waje?"

"A wajenmu waje ce. Ka yi haƙuri."

Ya koma sau da yawa, ya ga manaja, ya kai wanda ya iya Turanci. Amsar ba ta sauya ba, kuma ba ƙarya suka yi masa ba, haka yarjejeniyar take tun ranar farko.

Alhaji Kalilu ya biya kuɗin san da ya mutu, ya biya ɗorin ƙafar mai amalanke, jandarmomi suka saki motar. Da Mainasara ya je masa da maganar gyara, ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo ruwa.

"Malam Mainasara, ni na ɗauki nawa. Mota kuwa da bakinka ka yarda tana da inshora, a kan haka muka yi ciniki. Ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri."

Ya ciro kuɗin haya cif, bai rage ko sisi ba, ya miƙa masa.

Saura tasha. Nagoggo bai yi dariya ba wannan karon, ya dai sunkuyar da kai.

"Yaya, da ƙafarka ka fita. In na buɗe maka asusu, gobe kowa ya daina zubawa sai ranar da ya faɗi."

Wasu tsofaffin abokai suka haɗa abin da ya sawwaƙa daga aljihunsu. Bai kai kuɗin janyo motar zuwa Kongolam ba, balle injin.

Zakiyya har yanzu in ta kira takan tambayi inda maganar kamfani ta tsaya, shi kuma ya ce ana kai. Ba ya so ta ji cewa albashinta ya tafi a banza.

Ya koma tuƙin motar wani, Daura zuwa Kongolam, da matashi a bayansa saboda ciwo. Sharon tana garejin wani bakanike a Matamaye, ana lissafa masa kuɗin ajiya da sefa. Da abin ya taru, bakaniken ya nemi izini ya sayar da tayoyin, Mainasara ya ce ya sayar. Ranar da ya je duba ta ya same ta a kan duwatsu, kaji suna kwance a ƙarƙashinta. Ya zagaya ta sau ɗaya kamar yadda ya saba, ya gaisa da bakaniken, ya nemi motar da za ta mayar da shi iyaka.