Jar Fitilar Motar Maigidana

Da aka raba gadon maigidana, motarsa ce ta faɗo a kasona da na 'ya'yana. Tsohuwa ce, fara, kuma a cikinta ya fara gaya mini cewa idanuna na hana shi ganin hanya. Da ita nake zuwa lekol inda nake koyarwa.

Bayan shekara guda jar fitilar man inji ta soma kamawa. Da safe lafiya lau. Sai inji ya yi zafi, na tsaya a mararraba, ta kama. In na taka wuta ta mutu. Yayan marigayin ya sa aka canza famfon mai, bai yi magani ba. Daga nan ya zo da shawara: ya samo wani manomi daga Hamdara mai neman motar ɗaukar gyaɗa. A zuba mai mai kauri, a cire ƙwan fitilar, a sayar masa.

Na ce ba da yawuna ba.

"Matarmu, ke da alli kika sani," in ji shi. "Ina ke ina inji?"

"Yaya, wanda ya bar mini ita bai taɓa cutar kowa da ita ba."

Na kai ta wurin wani tsohon makanike a Zango. Bai taɓa ta ba sai da ya tambaye ni lokacin da fitilar take kamawa. Ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai, muka zauna a benci muna kallo. Inji na ɗaukar zafi, allurar na sunkuyawa. Sannan ya juye man ta cikin farin ƙyalle, ya ɗaga shi a rana. Wani gari na ƙyalli a jiki kamar zinariya, har na ji ya ba ni sha'awa.

Ya ce kusine ne, 'yan siraran ƙarafan da babban sandan inji ke juyawa a kansu. Sun cinye, mai na zurarewa ta gefe. Mai kauri zai ɓoye ciwon na 'yan makonni, sannan injin ya ƙame da kaya a tsakiyar daji.

Na naɗe ƙyallen na nufi gidan Yaya. Na tarar da shi da manomin a zaure, sun shimfiɗa tabarma. Na gaishe su, na buɗe ƙyallen a gabansu, na maimaita abin da makanike ya faɗa. Manomin ya daɗe yana kallo, ya sa mini albarka, ya nemi takalmansa.

Yaya bai sake yi mini magana ba sai da Sallah. Aka sauke injin don gyara, na yi wata biyu ina hawan kabu-kabu zuwa lekol kafin na karɓo abata.