Ɗakin lambobin Yaya Sada

A daminar nan Yayana Sada ya cika shekara tara da rasuwa. Mutanen Malumfashi da Kafur sun san shi da malamin gona, mai zaga ƙauyuka a kan babur yana koya wa manoma feshin auduga. Mu 'yan gida kuwa mun san shi da wani abu daban, wato ɗakin nan na cikin zaurensa a Funtua, wanda ya lulluɓe bangonsa da tsofaffin lambobin mota tun daga ƙasa har rufi.

Yawancinsu baƙaƙe ne masu fararen haruffa, irin na da. Akwai na zamanin da Funtua ke ƙarƙashin Kaduna, akwai waɗanda suka girme su. Wata ta lanƙwashe, wata tsatsa ta cinye mata gefe. Baƙo in ya leƙa sai ya yi dariya ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yaya ba ya musu, sai dai ya shimfiɗa masa tabarma.

Kaɗan ne suka san mafarin abin. Mahaifinmu direban babbar mota ne, yana ɗauko auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injin gurza. Wata damina ruwa ya ci gada, motar ta faɗa rafi da shi. An samu gawarsa, an yi masa sutura, motar kuma mai ita ya sayar wa maƙera suka yayyanka. A lokacin Yaya bai shiga makaranta ba, ni kuwa ina goye. Baba bai bar hoto ba, rigunansa kuma an yi sadaka da su. Da Yaya ya girma sai ya ƙudura cewa lambar motar nan tana wani wuri, tunda a ƙauye ba a yar da ƙarfe.

Matsalar ita ce babu wanda ya riƙe lambar. Inna ba ta yi boko ba, amma ta sha wanke motar da safe in Baba ya kwana gida. Abin da ta iya tunawa shi ne zane biyu na ƙarshe: ɗaya kamar lauje, ɗaya kamar ƙwarya biyu an ɗora wata kan wata. Da wannan ɗan bayani Yaya ya shiga nema.

Duk ƙauyen da aiki ya kai shi, idonsa na kan ƙofar rumbu da akurkin kaji. Ya samu lamba an toshe ɓarakar kwano da ita, ya samu wadda mai tsire ke kwasar garwashi da ita. Yakan kai wa mai ita sabon falle na kwano a yi musaya, amma ba ya tashi sai ya ji motar wa ce, wa ya tuƙa ta, ina ta ƙare. In ya dace da mai lauje da ƙwarya, ko wanka ba ya tsayawa yi, sai ɗakin Inna. Ita kuma ta juya ta, ta kalle ta daga nesa kamar yadda take hango motar a ƙofar gida, ta girgiza kai.

"Ba ita ba ce, Sada. Ka bar wahalar da kanka."

"To Inna, mai nema yana tare da samu."

Sai ya rataye ta a bango tare da sauran. Haka ɗakin ya cika da lambobin iyayen wasu.

Na tuna wata shekara da wani Bayarabe haifaffen Funtua ya zo daga Legas ganin gida. Ashe shi ma mai tara irin waɗannan kaya ne, har yana hulɗa da masu saye a ƙasashen waje. Ya yini a ɗakin, Hausarsa tas kamar ta kowa. Shi ya bayyana mana cewa a kasuwarsu abu uku ke sa wa lamba daraja: ƙarancin irinta, fentinta na asali da ba a taɓa ba, sai kuma a same ta ta gaba da ta baya tare. Ya ware wasu masu tsabta ya nemi a sayar masa. Yaya ya ji daɗin hirar ƙwarai, ya ce ya ƙaru, amma ya ba shi haƙuri. Ya ce a wurinsa lambar da ba a san direbanta ba gwangwani ce kawai, wadda aka sani kuwa tana da dangi, kuma bai ga yadda zai tura ta inda ba mai iya faɗin sunan mai ita ba. Suka rabu da mutunci, har suna gaisawa ta waya.

Inna ta rasu, Yaya ya yi ritaya, ciwon suga ya fara cin idonsa. A ƙarshe da yatsa yake karanta lambobin, yana bin tudun haruffan. Ana cikin haka wani maƙeri a garin Ƙarfi ya aiko cewa an rushe tsohon rumbun kakansa, an samu lamba a ƙofar, kuma kakan nan yana cikin waɗanda suka sayi ƙarafan wata motar auduga da ta faɗa rafi. Ni na raka shi, don ba ya iya tafiya shi kaɗai. Duk hanya carbinsa kawai yake ja.

Maƙerin ya miƙo ta. Yaya ya ɗora ta a cinya ya bi ta da yatsa har ƙarshe. Ga lauje, ga ƙwarya. Na ce, "Yaya, ita ce?" Ya sake bin haruffan da yatsa. Can ya ce, "Hassu, wa zan nuna wa?"

A nan na gane abin da ya riga ni ganewa. Mutum ɗaya ce tak a duniya za ta iya cewa i ko a'a, kuma tana maƙabarta. Muka dawo da lambar gida. Bai rataye ta ba, bai kuma sake zancenta ba. Daminar da ta biyo baya ya rasu, ba tare da ya san ko ya samu abin da ya kwashe rayuwarsa yana nema ba.

Wajen rabon gado aka rasa yadda za a yi da ɗakin. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka ce sai dai a ɗora a sikeli. Babban ɗansa Mannir ya nuna mana a waya cewa akwai masu neman irinsu ido rufe, ya so a sayar, kuma ba laifinsa ba ne, ga ƙanne a makaranta. Matar Yaya, Hajiya Binta, ita ta raba gardama. Ta ce shekara da shekaru tana jin labarin kowace lamba har ta haddace, a bar ta ta aika wa iyalan da ta sani, abin da ya rage magada su yi shawara. Kowa ya amince.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Baburan da ke kai kawo ba su ƙirguwa, da yawa ko lamba ba su da ita. 'Yan gwangwan sun share ƙauyuka, tukunyar kaka ma ba ta tsira ba. Wasu hanyoyin da yake bi shi kaɗai da magariba, yanzu da rana tsaka sai an yi addu'a an ƙara. Wasu ƙauyukan da ya san kowane rumbu a cikinsu sun watse. Ina jin ba tsadar da lambobin suka yi za ta dame shi ba. Zai damu ne da tsofaffin da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya da labari a bakinsu, ba mai zama ya saurara. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai an samu wanda ya adana ta.

Bangon ɗakin yanzu sai ramukan ƙusa. Amma a bara na je biki Kafur, na shiga wani gida da ban taɓa shiga ba, sai na ga baƙar lamba a saman ƙofar ɗakin wata dattijuwa, an goge ta da mai tana sheƙi. Ba ta san ni ba. Ta ga ina kallo sai ta ce ta motar mahaifinta ce, wani bawan Allah a Funtua ya adana ta shekaru, ba ta ko san fuskarsa ba, amma kullum in ta idar da salla tana haɗa shi da babanta a addu'a.

Ban gaya mata ni ƙanwarsa ce ba. Amin kawai na ce. Allah ya jiƙan Yaya Sada, ya sada shi da iyayenmu.