Kwalin Takarda Ɗaya Zuwa Doguwa

Mun tashi da asuba ranar Talata daga Kano, ni da direba da abokin aikina, muka nufi Doguwa. A bayan mota akwai firinta, da naɗin waya, da kwali ɗaya na takarda mai huji a gefe. Kwalin nan ne ya hana ni sukuni. Ba a samun irin takardar sai a Kano, kuma da ita za a buga wa manoma takardun karɓar taki kafin lokaci ya ƙure.

A Kwanar Ɗangora muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa bai ragu ba. Bayan Tudun Wada ruwa ya sauko, rufin motar kuwa yana yoyo. Na cire rigata na lulluɓe kwalin, a haka muka ratsa dajin Falgore, direba yana cewa shi ko zazzaɓi yake yi ban taɓa rufa masa riga ba.

Ofishin aikin gonan yana da babbar kwamfuta guda, akawu huɗu suna aiki da ita, kowa da allonsa. Muka ja waya, na ɗora takarda, na buɗe wa firintar layi a cikin kwamfutar. Na yi musu bayani cewa kamar layin gidan mai ne, duk aikin da aka aika sai na gabansa ya wuce. Na ce su gwada. Shiru. Ashe waya ce ta saki, muka fita muna bin ta ta bayan tagogi.

Muna ɗaure ta, firinta ta kama ƙara. Kafin in koma ɗakin takarda ta taru a ƙasa. Aikin ƙauye ɗaya ya fito sau uku, na biyu ya kama hanya. Na kashe ta, na duba layin: kowane aiki sau uku.

Na tambayi babban akawu, wani dattijo mai fara'a. Ya ce, "Injiniya, in ka yi sallama ba a amsa ba, ai sai ka sake. Uku muka yi, yadda aka saba."

Na ce, "Baba, ita tun ta farko ta ji. Amsawa ce take wa nawa."

Na shiga goge maimaicin ɗaya bayan ɗaya, a hankali kada in haɗa da na gaske. Na sake kunna firintar, muka tsaya a kanta, idona a kan kwalin, har ƙauyen ƙarshe ya fito. Abin da ya rage bai kai kaurin yatsa ba.

Washegari muka dawo Kano. Tun daga tafiyar nan ba na kunna firinta sai na fara nuna wa masu ita yadda za su duba inda aikinsu yake jira. An raba takin a makon.