Taswirar Zaharaddini Mai Zanen Hula

Duk wanda ya ce maka Zaharaddini mutum ne mai sauƙin kai, to bai taɓa zama da shi ba. Shekara talatin muna maƙwabtaka a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, na san halinsa sarai. Sana'arsa zanen hula: shi zai fitar da zane a kan yadi da biro, mata su bi da zare. Mace ta kauce wa layinsa ko kaɗan, sai ta warware. Jarababbe ne na gaske, amma hannunsa sai dai a ce masha Allah.

A ranin 2004 rigimar ruwa ta ishe mu. Na gaba su tare kanal, na ƙarshen layi alkamarsu ta bushe. Ƙungiyarmu ta manoman rani ta ce a yi taswirar gonaki don kowa ya san ranar ban-ruwansa, Zaharaddini ya ce shi zai yi fisabilillahi. Sati bakwai yana bin gonaki da ƙafa, wanda ya tarar yana aiki ya tambayi sunansa, ya dawo ya zana a kan wani ƙaton farin yadi. Kowace ƙofar ruwa, kowane kwalbati, bai bar komai ba. Aka kafa yadin a ofishin ƙungiya, rigima ta lafa.

Bayan shekara biyu wasu masu tallafa wa manoma suka zo daga Kano, taswirar ta burge su, suka ce za su buga ta a babbar takarda. Shugaban ƙungiya, Alhaji Maikuɗi, ya sa aka buga da hatimin ƙungiya. Sunan Zaharaddini, wanda ya rubuta ƙanana a kusurwar yadin, ko alamarsa babu. Ranar mutumina ko tuwo bai ci ba. Ya ce aikinsa ne, Maikuɗi ya ce abin da aka yi wa ƙungiya na ƙungiya ne, ai ba wanda ya sa shi dole. Sai ya shiga ofis ya naɗe yadinsa ya kai gida, ya ce ba zai dawo da shi ba sai an sake bugawa da sunansa. Ni ina goyon bayansa, ko da yake na gaya masa taurin kansa ya yi yawa.

Wata takwas ana haka, sai ga Fatsuma, matar marigayi Isiyaku, ta yi sallama a zaurensa. A ranin da aka yi taswirar tana takaba, ta ba ƙanen mijinta Baballe aron gonar. Baballen ne Zaharaddini ya tarar a ciki, sunansa ya rubuta. Yanzu Baballe ya ƙi sakin gonar, ya kai wa dagaci takardar taswirar nan mai hatimi a matsayin shaida.

"Malam, ni ban iya karatu ba," in ji ta. "Amma an ce hannunka ne ya sa sunan Baballe a kan gonar marayuna."

Nan take Zaharaddini ya miƙe. Ya tafi wurin dagaci ya ce kuskurensa ne. Dagaci ya juya takardar, ya ce shi bai ga sunan Zaharaddini a jiki ba, ta ƙungiya ce, ƙungiya ce za ta gyara. Maikuɗi kuma ya ce zai ba da takardar gyara, amma da sharaɗi: a dawo da yadi, kuma Zaharaddini ya sa hannu gaban shaidu cewa ba shi da haƙƙin komai a kai.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa kada ya yarda, mu tara dattawa, ko wata uku za a yi ana zama sai an ba shi gaskiyarsa. Ya ce saura kwana goma a gama shuka alkama, in Baballe ya riga ya zuba iri, wannan ranin ma ya wuce yaran.

Washegari da hantsi ya saɓa yadin a kafaɗa ya nufi ofishin ƙungiya, na bi shi. Ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya soke sunan Baballe, ya rubuta na marayun Isiyaku da kyakkyawan rubutun nan nasa, sannan ya sa hannu a takardar Maikuɗi. Maikuɗi, ko kunya babu, ya nuna kusurwar da sunan Zaharaddini yake da yatsa, ya ce a yanke ta.

"Ba ni reza," in ji Zaharaddini. "In ku kuka yanka za ku ɓata min gefen."

Fatsuma ta karɓi gonarta, ta shuka alkama a ranin. Shi kuma ya koma kan hulunansa, bai sake tayar da maganar ba. Bara wasu baƙi suka zo ofis, suka tsaya gaban yadin suka tambayi wanda ya zana, Maikuɗi ya ce aikin kwamiti ne. Zaharaddini yana zaune a gefena, bai ɗago kai ba. Ni ne na kasa daurewa, na tashi na fita.