Mai Yi wa Buhu Sallama

A shingen kan iyaka, inda manyan motoci ke jeruwa har ido ya kasa ganin ƙarshensu, akwai wani ma'aikacin kwastam da kowa ke kira Baba Sallama. Bai taɓa zama babba a wurin ba. Yaran da ya koya wa ɗaura takalmi sun zo sun wuce shi, shi kuwa yana nan a filin duba kaya, kakinsa ya koɗe a kafaɗa.

Abin aikinsa sandar ƙarfe ce mai tsini, ta fi shi tsawo, suna ce mata tsinke. Idan takarda ta ce dusa ce a mota, shi zai hau ya soka tsinken cikin buhuna, ya ji ko hannunsa zai yarda da takarda. Dusa takan karɓi ƙarfe a hankali. Yadin da aka ɓoye don gudun kuɗin fito yakan riƙe tsinin kamar ba zai saki ba. Ƙarfen bindiga kuwa, a haƙora ake jinsa. Akwai na'urar haska kaya a wurin, amma ranakun hutunta sun fi na aikinta yawa, don haka tsinke bai taɓa yin ritaya ba.

Sunan ya samo asali ne daga wata ɗabi'a tasa. Ba ya soka tsinke sai ya ƙwanƙwasa jikin motar da gindinsa, ya ɗaga murya ya yi sallama, ya tsaya kamar mai jiran a ce ya shigo. Direbobi sukan kece da dariya. Abokin aikinsa, wani ƙato da suke kira Dogo, yakan maƙe murya ya amsa a madadin buhunan: "Maraba da Baba, sai dai maigidan ba ya nan." Baba ma yakan murmusa, amma sai ya gama jiransa.

Ba ya faɗin dalili. Tsofaffin wurin dai sun tuna wata rana, yana sabon shiga aiki, da wanda ke koya masa ya zaro tsinke daga buhunan auduga, tsinin ya fito da launin da bai shiga da shi ba. An rufe shingen ranar. Mutumin bai ƙara hawa mota da tsinke ba, kuma ba a ƙara tayar da maganar ba.

A gida ɗakuna biyu ne da 'yar baranda inda matarsa ke ɗinki. Sun aurar da 'yan matan, sai autansu, wanda ya gama makaranta ya zauna yana kallon motoci suna wucewa ta ƙofar gida. Wata safiya aka tashi babu shi, babu jakarsa. Daga baya wani abokinsa ya zo, yana sunkuyar da kai, ya ce Auta ya haɗu da masu tsallakar da mutane, yana son kaiwa bakin teku. Da uwar ta tambayi yadda ake tsallakar da wanda ba shi da fasfo, sai abokin ya dubi Baba Sallama, wanda aikinsa soka tsinke cikin kayan motoci ne. Tun daga nan, duk safiya in zai fita, takan ɗago daga kan keken ɗinki ta ce, "Malam, a dai riƙa jira kaɗan." Ba ta ƙara komai a kai.

Ranar da ake ba da labarinta, rana ta take, na'urar ta mutu tun safe, layi ya yi tsawo. Masu kayan lambu suna ta hon, kayansu na dahuwa a ƙarƙashin tanfol. Shugaban shingen, matashi ne mai haƙuri wanda suke kira Oga, wayarsa ba ta bar kunnensa ba, daga sama ana tambayarsa me ya tsayar da hanya.

Wata tirela mai fita ƙasar ta matso, takardarta ta ce dusa. Baba Sallama ya hau, ya taka buhunan zuwa gaba, ya ƙwanƙwasa, ya yi sallamarsa. Shiru, kamar kullum. Ya juya tsinken, ya ɗora tsinin a kan wani buhu.

Sai ya lura ba a yi dariya ba.

Ya daɗe a aikin nan, ya san ko mai ɓoye kaya yakan yi dariyar, har ma tasa ta fi ƙarfi. Ya leƙo ƙasa. Direban, wani siririn mutum mai tawul a wuya, yana tsaye bai ko motsa ba. Ba fuskar Baba yake kallo ba, tsinin yake kallo. Leɓensa ya motsa, muryar da ƙyar ta iso sama.

"Baba, a hankali."

Wanda ya ɓoye yadi ba ya cewa a hankali. Baba Sallama ya ɗage tsinin daga kan buhun da hannu biyu. Ya durƙusa, ya kai bakinsa tsakanin buhuna, ya sake sallama, wannan karon ƙasa-ƙasa. Ya kasa kunne. Hon ɗin motoci kawai yake ji.

"Baba, lafiya?" Oga ne daga ƙasa. "Yau hira kuke da dusar?"

"Oga, a sauke motar nan."

"A sauke? Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"Ka soka?"

"Ban soka ba."

Oga ya share fuska da hannu. "Baba, dubi bayanka. Sauke motar nan zai cinye mana yinin. In hannunka ya gaji, miƙa wa Dogo, ya gama mu wuce."

Dogo har ya kama tsani, yana naɗe hannun riga. "Kawo, tsoho. Ni ba na sallama, gidanmu ne."

Baba Sallama ya san sukar Dogo. Da dukan nauyinsa yake yi, sai tsinke ya taɓa ƙasan mota. Ya dubi buhun da ke ƙarƙashin gwiwarsa. Bai san me ke ƙasa ba. Abin da ya sani, in zafi ya yi wa mutum yawa a wurin da babu iska, murya ce ke fara tafiya. Ya kwantar da tsinken a bayansa, ya zauna a kai.

"Dogo, ɗan'uwana, yau sai dai ka soka ta cikina."

Dogo ya tsaya a tsakiyar tsani, dariyar ta maƙale masa. Oga ya dubi tsohon, ya juya zai yi wa direban tambaya, sai ya hango shi ya soma zamewa ta bayan wata mota, wai zai kewaya. Oga ya yi wa masu gadi alama da hannu suka tare shi. Sannan ya kashe wayarsa ya ce a kira 'yan dako.

Buhu-buhu aka riƙa saukewa. Baba Sallama bai sauko ba, yana ta ce musu kada su jefa, kada su taka nan. Da aka ci rabin gaban motar, sai falle-fallen katako suka bayyana, sirara, irin waɗanda tsinke ke wucewa kamar takarda. Wari ya taso. Wani ɗan dako ya sa hannu ya ɗaga ɗaya, ya ja da baya yana salati.

Mutane ne, kwance a jere, gwiwa a ƙirji. Ba wanda ya iya ɗaga kai. Wanda ke daidai ƙarƙashin inda Baba ya ɗora tsini saurayi ne, ya ba su baya, ƙeyarsa da askinsa irin na samarin yanzu.

Baba Sallama ne ya shiga ramin. Ya kama kafaɗar saurayin, ya daɗe bai juyo da shi ba. Da ya juyo da shi, ya dubi fuskar, ya share mata dusa da tafin hannu, ya ƙara duba. Ba Auta ba ne, amma yaron yana numfashi. Ya miƙa shi ga Dogo, ya koma kan na gaba. Haka ya bi su duka, kowa sai ya ɗago haɓarsa, har wata mace da ba ta buƙatar dubawa. Aka kwantar da su a inuwar ofis, ana ɗiga musu ruwa a baki kafin motar asibiti ta iso. Dukansu sun rayu. Saurayin, da bakinsa ya buɗe, ya ce ya ji sallamar, duka biyun, ya amsa a zuciyarsa.

Oga ya zo ya dafa kafaɗar Baba, ya koma ya buɗe shinge. Dogo bai ƙara maƙe murya ba.

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da matarsa a ƙofa, ba ta ko yafa gyale daidai ba. Ta dubi fuskarsa, ya girgiza kai. Ta sauke numfashi, ta jingina da bango, shi kansa bai san ko na godiya ba ne. Ya zauna a baranda yana kwance igiyar takalmi, dusa na zuba daga naɗin wandonsa.

Can ta ce, "Malam, sauran shingayen da ke gaba, kafin a kai teku, su ma da tsinke suke dubawa?"

"Da shi suke dubawa."

"Suna sallama?"

Ya ci gaba da jan igiyar takalmin, wadda ta riga ta kwance.

Da gari ya waye ya ɗauki hularsa. Ta ɗago daga kan keken, ta faɗi abin da ta saba faɗi. A filin duba kaya ya hau motar farko, ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama. Direban ya yi dariya. Duk da haka ya jira, jiran ma ya fi na da tsawo.